Langar Illo da 'Ya'yan Zogale

Litinin, 6 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Ina zaune a cikin mashaya. Ni Zuwera, mai shekara hamsin da uku, wadda ta yi shekara ashirin da takwas tana koyar da tarihi a lise, wato sakandare, wadda ta je Makka sau ɗaya ta dawo da ciwon gwiwa. To, yanzu ba mashaya ba ce. Shekara uku ke nan da wani Ba'indiye ya karɓe ta ya mayar da ita gidan abinci. Amma dogon kantan katakon yana nan, da madubin bayansa, da dogayen kujerun nan da ba a yi su don mace mai zane ba. Inda kwalaben giya suke jere a da, yanzu kwalaben yaji ne, da wani ɗan gunki mai kan giwa da aka rataya wa furanni. Firijin har yau hoton giya ne a jikinsa, nono ne a cikinsa.

Ba yunwa ta kawo ni ba. Tagar nan ta kusurwa ita kaɗai ce a duk layin take kallon ƙofar gidan da suke tsare da mijina, Illo. Ranar Alhamis suka ɗauke shi daga shagonsa na buga takardu, shi da faranti huɗu na injin. Ba zan rubuta abin da ke kan farantan ba. Na ce masa kada ya karɓi aikin nan. Sau uku na faɗa, na ukun yana ɗaure takalmi, ya ce min shi ai mai bugawa ne, ba mai rubutawa ba.

Dokar gidan: a kawo abinci sha biyu da rabi, a dawo ƙarfe uku a karɓi langa. Ba a ganin mutum, ba a aika takarda. Daga nan zuwa unguwarmu Lazaret taksi biyu ne, in na koma gida sai dai in sha ruwa in juyo. Inuwa ɗaya ce a titin, ta wata bishiyar dogon yaro, masu kaki sun ajiye bencinsu a ƙarƙashinta.

Wanda ya zauna a nan dole ya ci wani abu. An kawo min wasu fararen abubuwa guda uku, wai idli. Waina ce aka hana ta mai, aka turara ta kamar abincin mai jinya. Na ci ɗaya.

Talata, 7 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

A ƙofar gidan akwai tebur, a bayan teburin akwai wani mai kaki, ƙato, da furfura a gefen kansa. Shi ke buɗe langa ya tona tuwo da cokali, sannan ya miƙo cokalin. Duk abin da mutum ya kawo sai ya ɗanɗana a gabansa, tuwo, miya, har ruwa. Wai kada a sa wa wanda ke ciki guba. Shekara ashirin da bakwai ina dafa wa Illo abinci. Da guba zan sa masa ai ba sai na shiga taksi biyu ba.

Yau mutumin ya dube ni, ya gaishe ni da Zabarmanci ya ce, "Fofo, Madam. Ba ki gane ni ba? Isaka ne. Bencin baya, kusa da taga."

"Wanda ya rubuta min cewa daular Songhai ta faɗi ne saboda zafi?"

"Ni ne, Madam." Har da dariyarsa.

"To ga shi ka zama babban mutum, ina ɗanɗana maka miya."

Ya sunkuyar da kai ya ce doka ce. Na ce na sani, ni na koya maka abin da ake yi wa mutane da sunan doka, amma kana barci a lokacin.

Na nuna masa ƙwayoyin. Illo yana da ciwon suga shekara goma sha ɗaya, kuma akwai wani miki a babban yatsan ƙafarsa ta hagu da ya ƙi warkewa tun azumi. Ƙwaya biyu kullum, ina naɗe su a takarda in ɗora a kan murfi. Isaka ya juya su a tafin hannunsa ya ce waɗannan ba sai na ɗanɗana ba.

Langa ta fito uku da minti goma. Illo ya cinye tuwon, ya ware albasa a gefe, ya bar loma ɗaya kamar yadda ya saba, halin da ya fi komai ba ni haushi a duniya. An ɗaure ƙyallen da irin ƙullin nan nasa da sai an sa haƙori. Na rungume ƙazamar langa a cikin taksi har Lazaret.

Laraba, 8 ga Afrilu, magariba

Albasa a gefe, loma ɗaya. Babu kuran tun safe, ko fanka ba ta juyawa. Gwiwa.

Juma'a, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Alhaji Mahamadou, wan Illo, ya aiko a kira ni gidansa a Koira Kano. Falo mai sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, labule har ƙasa, kabad cike da littattafai masu bangon zinariya da ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na sani don na ja ɗaya, ledarsa tana jiki.

Ya ce, "Zuwera, an ce ana ganinki a gidan giya."

"Gidan abinci ne, Yaya."

"Mutane ba su san an canza ba."

"To mutane su shigo su gani. Akwai shinkafa."

Ya ce ba lokacin baƙar magana ba ne. Ya ce ana magana. Na ce wa ke yi, da wa? Ya ce da manya, kuma abin da ke ɓata irin wannan maganar shi ne mace ta riƙa zama a gaban ƙofa kamar mai neman rigima. Direbansa zai iya kai abincin kullum, ni in zauna a gida in yi addu'a.

Na ce addu'a ina yinta a taksi, kuma direba bai san yadda ƙaninka ke cin tuwo ba. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Mutumin da ya yi shekara sittin ana ɗauke kwano daga gabansa ba zai gane ana karanta kwano ba.

'Yarmu Iklima ta kira daga Kotonu, jarrabawarta saura mako uku. Na ce Babanta ya je Maraɗi sayen takarda, wayarsa ta lalace.

Asabar, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Matar da ke kawo abinci a nan sunanta Balkisa, ta kusa arba'in, tun wurin yana mashaya take aiki. Yau ta ajiye min faranti ta tsaya.

"Tanti, na san ki fa."

"Kowa ya san ni. Na kayar da rabin Niamey a jarrabawa."

"Ba a lakwal ba. A nan. Kin taɓa shigowa da goyo, kika ɗauki kwalbar Tonton Illo kika zuba masa a takalmi."

Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Iklima ce a bayana. Na ce mata ashe akwai masu tarihi ban da ni. Ta ce har yau tsofaffin 'yan wurin suna kiran kujerar ƙarshen kanta kujerar mai jiƙaƙƙen takalmi.

Illo ya daina sha daga baya, ba don ni ba, don likita. Amma bai daina zuwa ba. Da Ba'indiyen ya karɓi wurin sai abin ya ƙaru, saboda Illo ya taɓa yin wata takwas a Madras ta ƙasar Indiya yana koyon injin buga takardu kafin a haifi Iklima, kuma tun daga nan babu maganar da za a yi a gidanmu da Madras ba za ta shigo ba. Kowace Asabar yana nan. Kowace Asabar sai ya ce in zo in ɗanɗana, ni kuma in ce ƙafata ba za ta sake taka wurin nan ba. Ga ƙafar, ta kumbura a ƙarƙashin tebur.

Mai wurin sunansa Balan, 'yan unguwa suna ce masa Malam Bala. Siriri ne, baƙi fiye da ni, yana haɗa Faransanci da Hausar kasuwa yana kaɗa kai ta yadda ba a sanin e yake nufi ko a'a. Bai taɓa tambayata komai ba. Tun ranar Talata ya sa aka daina zaunar da kowa a teburin taga.

Yau dosa aka kawo min. Sinasir ce da ta yi girman kai: faɗinta ya fi tire, siririya kamar takarda, an naɗe ta da dankali a ciki. Ga niƙaƙƙiyar kwakwa a wani ɗan kofi, ga miyar wake mai tsamiya a wani, sambar sunanta. Da hannu suke ci kamar mutane. Na cinye, kuma na ji haushin da na cinye.

Albasa a gefe. Loma ɗaya.

Litinin, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Langa ta fito a wanke.

A wanke tas, har ƙasanta, har bakin murfi inda miya ke maƙalewa. An naɗe ƙyallen kusurwa huɗu an ɗora a kai. Illo bai taɓa wanke ko cokali ba tun da uwarsa ta haife shi.

Na ce, "Isaka, wa ya wanke?"

"An samu ruwa ne a ciki, Madam."

"Yana ci?"

"Ga langa ba komai a ciki, Madam."

"Ba langa na tambaya ba."

Ya kalli matar da ke bayana a layi ya ce ta matso.

Talata, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

A wanke.

Laraba, 15 ga Afrilu, hantsi

Na je biron Metir Faruk, lauyanmu. Ya ce ya rubuta takarda ta biyu. Na ce ina amsar ta farkon? Ya ce ita ake jira shi ya sa ya rubuta ta biyun. Yana da kyakkyawar murya, ya kamata ya yi aikin rediyo. Na tambaye shi ko ya ga Illo da idonsa. Ya gyara gilashi ya ce doka ta ba shi dama. Na ce ban tambayi abin da doka ta ba ka ba.

Yau na cika tuwon da albasa har sai da idona ya yi ruwa wajen ɗanɗanawa. In ya so ya zage ni, ya dai ware ta a gefe.

Laraba, ƙarfe huɗu

A wanke. Ƙwayoyin ba sa dawowa, wannan dai wani abu ne. Ina ta faɗa wa kaina wani abu ne.

Alhamis, 16 ga Afrilu, azahar

Na yi wa wata mai sayar da tumatir masifa a kasuwar Lazaret a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kala suru, Hajiya," wato sai haƙuri da Zabarmanci, ta ƙara min biyu. Da ta rama da ya fi min sauƙi.

Duk littattafan da na karanta a kan masu jira a bakin ƙofofi irin wannan, babu wanda ya ce abin da ya fi yawa a ciki shi ne neman wurin fitsari.

Juma'a, 17 ga Afrilu, ƙarfe uku da rabi

Yau Balan ya ga langar a kan tebur, ya ga fuskata, ya jawo kujera. Karo na farko. Na gaya masa, ban san me ya sa ba. Wataƙila don ba shi da dangi a garin nan da zai kai wa.

Ya shiga kicin ya fito da wani abu a hannu: 'ya'yan zogale, dogayen nan kore masu kama da bulala, waɗanda mu muke bari su bushe a kan itace. Mu ganye muke ci, mu yi kwaɗo, mu sa a dambu, Zabarmawa su yi kopto. Ya ce su a ƙasarsu 'ya'yan suke yankawa tsawon yatsa su zuba a sambar. Wani mai lambu a Tondibia ke kawo masa kyauta, yana yi masa kallon mahaukaci.

Ya ce, "Madam, mutumin Nijar ya gani a miya, ya ce itace, ya jefar. Duk wanda ya zo nan ya jefar. Monsieur Illo kaɗai yake ci. Ana cin na ciki, a bar ɓawo. Gobe ki kai sambar. In ɓawo ya dawo an cinye na ciki, shi ne."

Ya fara nuna min yadda ake riƙewa. Na ce na ji, Malam Bala, ba yau na fara cin abinci ba. Ya kaɗa kai.

Asabar, 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar saura

Yana nan. Yana nan da ransa, yana ci.

Bari in rubuta a tsare. Balan ya cika langa da shinkafa, ya zuba sambar da gutsuren zogale takwas, na ƙirga. A ƙofa Isaka ya buɗe ya ja baya.

"Madam, yau kuma daga wace ƙasa?"

"Daga ƙetaren titi."

Ya ɗago gutsure ɗaya da cokali. "Wannan ai itace ne."

"Ci ake yi."

"To bismilla, Madam."

Na sa a baki na tauna kamar rake, na tsotse, na tofar da tuƙar a tafin hannuna a gaban layi guda na mata. Babu daɗi, babu rashin daɗi. Na ce masa yau kada wanda ya wanke min langa, a fito min da ita yadda take. Ya dube ni ya ce to.

Ƙarfe uku ta fito da maiƙonta. A cikin murfi, ga tuƙa bakwai a jere, an taune su sarai.

Na ƙetara titi ban duba mota ba. Na ajiye murfin a kan kanta a gaban Balan. Ya duba, ya kaɗa kan nan nasa, ya koma kicin. Balkisa ta rungume ni tana cewa Tonton ai ba ya mutuwa, wanda ya sha abin da ya sha a wurin nan bai mutu ba. Na ce a kawo min dosa biyu da kofi. Balkisa ta riƙa zuba kofin daga wannan moɗa zuwa waccan daga sama kamar mai shayi, har ya yi kumfa. Na sha na ƙara.

Lahadi, 19 ga Afrilu, hantsi

Na yi barci har rana ta same ni. Na wanke zanen gado, na share shagon Illo.

Litinin, 20 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Sambar yau ma. Tuƙa bakwai. Na yi wa direban taksi hira har ya wuce kwanar gidanmu. Alhaji Mahamadou ya kira ya ce maganar da ake yi ta kusa, na ce Allah ya saka, ban ma yi masa baƙar magana ba.

Talata, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo da langa, na zauna. Balan ya fito da faranti a hannunsa, ya zauna a gabana. Ya ɗauki gutsuren zogale, ya sa babban yatsa ya tsaga shi gida uku. Ya ɗauki tsagi ɗaya ya sa tsakanin haƙoransa ya ja, naman ciki ya fita, ɓawon ya fito a miƙe, fes, kamar tsinken tabarma. Ya yi na biyu, ya yi na uku, ya jera su a gefen faranti.

Ya ce, "Haka Monsieur Illo yake ci. Shekara uku, kowace Asabar. Shi ba ya taunawa. Haƙorin baya babu."

Gaskiya ne. An cire masa turame huɗu bara, ni na raka shi.

Na buɗe murfin. Tuƙa bakwai, a dunƙule, a taune kamar rake. Mutum ɗaya ne a Niamey yake cin zogalen Indiya haka, ni ce, kuma na yi shi a gaban mutum ɗaya, kwana huɗu a jere.

Na ce, "Tun Asabar ka gani."

"Na gani, Madam."

"Ka yi shiru."

"Kin ce a kawo dosa biyu."

Na so in zage shi, ban samu yaren da zan zage shi da shi ba. Ya so ya koya min ranar Juma'a, ni na katse shi. Shekara ashirin da takwas ina cewa yara ku saurara har a gama bayani.

Laraba, 22 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na je ba langa. Na bari layi ya ƙare, na tsaya a gaban teburin.

"Isaka, buɗe bakinka in ga haƙoranka."

Bai yi dariya ba. Ya dubi abokan aikinsa a ƙarƙashin dogon yaro, ya ce da ƙarfi wai takardar shaidata akwai matsala, in zagayo gefe. A bayan ɗakin gadi ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fiddo leda. Ƙananan ƙullin takarda ne, rubutun hannuna a kan kowanne, safe da yamma. Guda tara.

"Tun yaushe?"

"Ranar Lahadi waccan ya faɗi, Madam. Aka fitar da shi da mota."

"Kwana tara ina dafa wa wa?"

"Akwai wani tsoho a ciki da ba mai kawo masa. Shi nake ba. Na Indiyan ne ya ƙi ci."

"Sai kai ka ci."

"Itacen kawai na tauna. Yaji ba ya yi min."

"Wa ke wanke langar?"

"Ni. Ba zan miƙo wa malamata ƙazamin kwano ba."

Na ce masa abubuwa. Ba zan rubuta su duka ba. Na ce da ka bar ni da tsorona da na bi asibitocin garin nan ɗaya bayan ɗaya, da na kwana a ƙofar lauya, da na tayar wa Alhaji hankali a cikin sanyin falonsa. Na ce kwana tara ka sace min, Isaka, kuma ka yi shi da ladabi.

Ya tsaya kamar yadda yake tsayawa a gaban allo, hannuwa a baya. Ya ce an hana su faɗa, wanda ya faɗa shi ma ciki zai shiga, yana da 'ya'ya biyar. Ya ce ranar Asabar ya gane abin da nake nema a cikin langar, ya ce bari Madam ta yi barci ko na kwana biyu ne.

"Yana da rai?"

"Jiya dai yana da rai."

Ya gaya min asibitin. Ginin baya, ɗakin ƙarshe, akwai mai kaki a ƙofa. Gobe da rana wani Harouna ne a wurin, ɗan garinsu ne. In ce masa ni ce mai kawo wanki. Minti biyar, kada in ambaci sunan kowa.

Na karɓi ledar. Ban yi masa godiya ba.

Yanzu ina teburin taga, babu abin da nake jira daga ƙofar can. Balkisa ta ajiye min ruwa ta tafi.

Laraba, magariba

Iklima ta kira. Na ce Babanta yana nan ƙalau, yana gaishe ta, ta mayar da hankali ga karatu.

Alhamis, 23 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Balan ya ba ni idli huɗu a naɗe cikin ganyen ayaba, ya ce wannan ko mara haƙori ya ci, ba mai, ba suga. Na sa su a ƙasan bokiti, na rufe da zanen gado biyu. Malamar tarihi, mai kawo wanki.

Harouna bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Biyar."

Gado uku ne a ɗakin, biyu babu kowa. Na wuce shi na kai bango na juyo, don ban gane shi ba. Gemu ya fito masa fari fat. Ana ƙara masa ruwa a hannun dama, na hagun an ɗaure shi da ƙarfen gado.

Ya ce, "Zuwera. Kin yi baƙi."

"Rana ce."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ci."

Mako uku ina shirya masa jawabi a cikin taksi, yana da gabatarwa da sassa uku da kammalawa. Na gutsura idli na sa masa a baki. Ya tauna a hankali, ya tsaya, ya dube ni.

"Wannan na Balan ne."

"Ci, na ce."

"Kin shiga?"

"Illo, minti biyar aka ba ni."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ci ɗaya da rabi. Ya tambayi Iklima, na ce tana karatu. Ya tambayi injinsa, na ce na rufe shi da buhu. Bai tambayi komai a kan kansa ba, ni ma ban tambaya ba. Ina gyara masa bargo ne na ga inda bargon ya kwanta. A gefen hagu, daga ƙasan gwiwa, ya kwanta a kan katifa sumul.

Ya ga na gani. Ya ce, "Ranar Litinin aka yi. Sun ce sun nemi wanda zai sa hannu daga gida ba su samu ba, na sa da kaina."

Ranar Litinin ina cikin taksi ina ba direba labarin ƙasar Indiya.

Harouna ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na cire zanen gadonsa na shimfiɗa wanda na kawo, tunda wanki na zo yi. Ba shi da nauyi ko kaɗan wajen juyawa. Ya riƙe min bakin mayafi da hannun da ke da allura ya ce gobe in zo da gilashinsa da abin karatu, kowane iri, ban da tarihi.

Harouna ya ce shi yana nan har Lahadi. Bayan Lahadi bai sani ba.

Na jiƙa zanen a baho. Gilashin yana kan rediyo, na sa shi a jaka tun yanzu kada in manta. Takalmansa na gida suna bakin ƙofar ɗaki inda ya cire su, ƙafa biyu. Na tsallake su na shiga, na tsallake su na fito. Gobe sha ɗaya da rabi zan fita.